Ɗana ya shiga SS3 a makarantar kwana ya fara janye jiki daga gida, girma ne ko lalacewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Jega. Ina da yaro ɗan shekara 17, shina SS3 a makarantar kwana ta maza, tun JS1 can yake. Da can in na je bizitin har hawaye yake in za mu rabu, amma tun da aka shiga wagga shekara ya canza min. Ya ce in daina zuwa kowane bizitin, ya ce a daina yi mai sayayya a ba shi kuɗin a hannu, hutun da ya wuce sati ɗaya kawai ya yi gida ya koma wai ekistenshon, darasin hutu, shina son a saya mai waya, kuma babansa na son ya cike likita a JAMB shi ya ce injiniya zai yi. An ba shi kyaftin na gidansu na hostal. Ba ya min rashin kunya amma magana ta ragu tsakaninmu. Malam girma ne wannan ko yaron ya fara lalacewa? Mi ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah Hajiya, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. In na fahimce ki da kyau, abin da kike tambaya shi ne yaya uwa za ta bambance yaron da ke janye jiki don ya fara tsayawa da ƙafarsa da wanda ke janye jiki don yana ɓoye wani abu, tunda daga waje kamanninsu ɗaya, duk su biyun magana tana raguwa, duk suna son kuɗi a hannu, duk ba sa son a riƙa leƙo su. Ni na yi shekara 19 ina koyarwa a makarantun kwana na maza a nan jihar Kebbi, 11 daga ciki ina hausmasta, wato malamin da ke kula da hostal, gidana katanga ɗaya ce tsakaninsa da hostal, to da abin da idona ya gani zan ba ki amsa. Kuma tun farko ki kwantar da hankalinki, yadda kika zayyano yaron nan ya fi kama da girma, sai dai akwai wuraren da nake so ki bincika da kanki, zan zo kansu.

Shekara biyar ƙararrawa na yi masa tunani

Iyaye da yawa ba su taɓa kwana a bodin ba, don haka bari in ɗan faɗi yadda rana take. Kafin asuba an buga ƙararrawa, a tashi a yi sallah, kowa ya nufi fegin sharar da aka yanka masa, sai layin famfo ko rijiya, sai asambuli, sai aji, a fito kalaci a koma, azahar, abinci, la'asar, wasanni ko aikin leba, magariba, dainin wato ɗakin cin abinci, isha'i, firef wato karatun dare, a kira suna a kashe fitila. Daga JS1 har SS2 yaro ba shi ke zaɓar lokacin tashinsa ko na barcinsa ba, ba shi ke zaɓar abin da zai ci ba, in gabza ce gabza ce, in garau-garau ne shi ke nan. Ƙararrawa da siniya su ke yi masa tunani, shi nasa bi.

Sai a wayi gari, galibi a ƙarshen SS2 lokacin da manyansu suka shiga jarabawa, a tara makaranta a kira sunansa a ce kai ne kyaftin. Hajiya ba ƙaramin abu ba ne wannan muƙamin, ko da yake a gida ana jin sa kamar wasan yara. Daga ranar shi ke tayar da yara da dama da asuba alhali shi ba mai tayar da shi, shi ke raba shara, shi ke kiran suna da dare, in an ƙirga yaro ɗaya bai cika ba shi zan fara nema kafin kowa, in ɗan JS1 ya tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare shi zai goya shi zuwa sikbe, ɗakin shan magani na makaranta, sannan ya zo ya buga min ƙofa, in an sace bokiti ko sabulu shi ne alƙali, in gidansu ya zo na ƙarshe a duba tsaftar ranar Asabar shi za a tsayar gaban makaranta. Yaron da yake wannan aikin wata shida ba zai yi miki hawaye ranar bizitin ba, don a makaranta shi ake kawo wa kuka yanzu.

Kuma nan ne asalin maganar a daina zuwa kowane bizitin. Na taɓa samun wani kyaftin, yaro mai ladabi sosai, da ya zo ya same ni ya ce don Allah in ce wa mahaifiyarsa ranar bizitin suna da darasi. Na zaunar da shi na ce me ya faru. Ya daɗe yana kallon ƙasa sannan ya ce, Malam in ta zo a gaban yaran gidana take duba min kai ta ce ban aske ba, ta tambaye ni ko ina wanka, ta kira ni da sunan da ake kirana a gida, washegari kuma ni zan tsaya in ba su umarni. Ba ƙin uwarsa yake ba, kwarjininsa yake tsaro. Na yi wa uwar bayani, ta riƙa zuwa su zauna a barandar gidana nesa da hostal, sai ga shi shi ke fara tambayata ko ta kira ta ce tana hanya.

Nauyin jarabawa uku

Raguwar magana kuma tana da wani dalilin bayan shekaru. Ɗan SS3 jarabawa uku ke gabansa a 'yan watanni. JAMB da ake yi da kwamfuta, darussa huɗu, tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400. Sai WAEC wajen watan Mayu zuwa Yuni, tana ƙarewa NECO ta kama. Kuma ya san in bai haɗa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ba, makin JAMB ɗinsa ko nawa ne ba zai kai shi jami'a ba. Shirin duk wannan yana faɗowa a tsakiyar zafin Kebbi, Maris zuwa Mayu, lokacin da ɗakin kwana mai kwanon rufi yake kamar tanda, yara su fito da tabarma waje, sauro ya ce bismillah. Likitoci suna cewa matashi mai irin shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, ɗan SS3 mai muƙami da yake tashi karatun dare in ya samu shida ya gode Allah. Yaron da ya gaji haka, in kika kira ta wayar hausmasta kika ce yaya karatu, "lafiya lau" kawai za ki samu, ba raini ba ne, tambayar ce ta fi ƙarfin amsar minti biyu, ga kuma layin yara a bayansa suna jiran wayar.

Maganar kuɗi a hannu

A nan ina goyon bayan yaron, amma da awo. Ki duba fa, nan da wata tara ko goma in Allah ya yarda zai kasance a Sakkwato ko Aliero ko Gusau ko Zariya, ba hausmasta, ba dainin, kuɗin wata za a tura masa shi zai san yadda zai yi da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran da na ga sun fi shan wahala a shekarar farko ta jami'a su ne waɗanda har suka gama sakandare ba su taɓa sayen sabulun wankinsu da kansu ba, sati biyu kuɗin wata ya ƙare, sai bashi, sai abokan da ba su dace ba.

Addininmu ma ya nuna hanyar. A Suratun Nisa'i aya ta 6, da ake maganar dukiyar marayu, an ce a riƙa jarraba su, sai an ga shiriya da hankali a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Malamai sun yi bayanin cewa jarrabawar ita ce a ba yaro kaɗan a ga yadda zai sarrafa. To haka nake ba iyaye shawara. Kayan da ba sa lalacewa kuma sun fi araha a gida, kwaki, ƙarago, yaji, suga, ki ci gaba da haɗa masa. Sauran, sabulu, omo, man shafawa, biro, littafi, kuɗin aski, ki lissafa abin da kike kashewa ki ba shi a hannu ki ce wannan na sati shida ne, ba ƙari sai ciwo ko abin da makaranta ta nema a rubuce. Ki ce ya riƙa rubutawa a bayan littafi, ba don tuhuma ba, don ku duba tare. In sun ƙare a sati huɗu kada ki yi faɗa kuma kada ki tura, bari ya ji yadda sati biyu ba ko sisi yake a wurin da dainin ke ba shi abinci sau uku, wannan darasin a bodin arha ne, a jami'a da tsada ake sayensa. Kuɗi masu yawa kuma kada ya ajiye a loka, ana fasawa, ya ba hausmasta ajiya ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan yana sa hannu.

Ekistenshon, inda nake so ki fara bincike

Darasin hutu na 'yan SS3 abu ne sananne, makarantu da yawa suna yi don a ƙarasa manhaja kafin jarabawa, don haka ba lallai ƙarya ya yi miki ba. Amma wallahi a duk shekarun da na yi, lokacin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Makaranta ta zama kango, ƙananan yara sun tafi, malamai da yawa sun tafi garuruwansu, kicin wani lokaci ba ya aiki yadda ya saba, sai yara su fara tsallaka katanga neman abinci a cikin gari, daga abinci sai gidan kallon ƙwallo, daga nan sai abin da ya sawwaƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma yaron da zai ce wa gida ekistenshon sati uku ne alhali sati biyu ne, sati ɗayan yana gidan aboki a wani gari.

Ga kuma tsaro, wanda mu a wannan yankin ba labari muke ji ba. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe ta Zamfara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki, ranar 17 ga Yunin shekarar aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin yaran sai da suka yi kusan shekara biyu a daji, sannan a Nuwamban 2025 aka sake yi a makarantar 'yan mata ta Maga a nan Kebbi. Don haka uwa tana da cikakken haƙƙin ta tambaya, kuma ba yaron za ki tambaya ba, makaranta za ki tambaya. Ki sa babansa ya kira hausmasta ko mataimakin firinsifal ya ji ranar farawa da ranar gamawa, wane malami ke kwana a cikin makaranta, ana dafa abinci ko ba a dafawa, ana kiran suna da dare ko ba a kira, masu gadi suna nan ko sun tafi hutu. In ranakun da makaranta ta faɗa sun yi daidai da na yaron, to kin samu shaida ta farko cewa mai gaskiya ne. In amsoshin makarantar ba su gamsar ba, ni dai da ɗana ne gida zai zauna in nema masa mai darasi a unguwa.

Waya

Wannan gajeruwa ce. Mafi yawan makarantun kwana sun hana, in an kama a ƙwace, wani wurin har kora, kuma shi kyaftin ne, shi ya kamata ya kama wasu. Kada ki saya masa yanzu. Sai dai akwai gaskiya a cikin buƙatarsa, rajistar JAMB tana buƙatar lambar NIN da layin waya, ana tura NIN ɗin ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019 a samu lambar rajista, kuma wannan layin da shi za a ci gaba da hulɗa da JAMB har a samu gurbi. Na ga yaran da suka yi rajista da layin mai shagon intanet ko na wani siniya da ya tafi, daga baya suka rasa yadda za su yi. To a ware layi ɗaya don shi, ya zauna a hannunki ko na babansa, kada a bari ya mutu. Ku kuma duba tun yanzu sunansa da ranar haihuwarsa a NIN su yi daidai da abin da makaranta ta tura WAEC da NECO, harafi ɗaya yana jawo zirga-zirgar watanni. Koyon amsa tambaya a kwamfuta kuma ya yi a ɗakin kwamfutar makaranta ko a wata cibiya lokacin hutu. Ki yi masa alkawarin waya ranar da ya gama NECO, kuma ki cika.

Likita ko injiniya

Nan kuma da Alhaji nake, ki isar masa da gaisuwata da girmamawa. Burin ɗa ya zama likita buri ne mai kyau, muna da ƙarancinsu ƙwarai a asibitocinmu. Amma abin ya rataya ne a kan darasi ɗaya cikin huɗun JAMB. Mai neman likita Turanci yake ɗauka da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai neman injiniya Turanci da Fiziks da Kemistiri da Lissafi. In an zauna jarabawar da Bayoloji, daga baya ba za a ce a koma injiniya ba, haka in an zauna da Lissafi ba za a koma likita ba, sai wata shekarar. Kuma guraben likita kaɗan ne, masu nema ba iyaka, a jami'ar Usmanu Danfodiyo ko ta tarayya da ke Birnin Kebbi duk haka abin yake, yaron da aka tura ba da son ransa ba yana gasa ne da waɗanda suke kwana suna tashi da wannan burin.

Shawarata kada a mai da abin gardamar uba da ɗa, a mai da shi maganar takarda. A ɗauko sakamakonsa na SS1 da SS2 da na mok, wato jarabawar gwaji, a duba Lissafi a duba Bayoloji, a kira malaman darussan biyu a ji ta bakinsu. Sannan a ce wa yaron ya zo ya yi wa babansa bayani, wane irin injiniya, na lantarki ko na gine-gine ko na injina, a wace makaranta, in bai samu jami'a ba zai je kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ko ta Kaura Namoda ko kuwa zai sake zama, wa ya sani da ya yi wannan karatun. In ya kawo amsa mai ma'ana to ya yi tunani, a sa masa albarka. In ya ce abokaina duk shi za su cike, to bai yi tunani ba, nan ne babba zai nuna masa abin da ya hango. Ko wanne ya faru yaron ya koyi cewa wanda yake son a bar masa zaɓi sai ya zo da hujja.

Yadda lalacewa take kama

Yanzu ga abin da kika fi tsoro. Yaron da ke girma buƙatunsa raguwa suke ko su tsaya wuri ɗaya, wanda ya shiga wani hali buƙatar kuɗinsa hawa take kullum da dalilai sababbi, yau littafi gobe kuɗin aji jibi an sace masa. Mai girma yana rage magana amma in kin tambaye shi abu yana kallonki ya amsa, labarinsa na yau bai saɓa da na jiya ba. Ki lura da kayansa, agogo ko takalmi ko katifa da suka ɓace ba bayani, ko kuma sababbin kaya da ba ku kuka saya ba. Ki lura da jikinsa, rama mai yawa, jan ido, barcin rana da ba ya ƙarewa, magana a jaye, saurin fushi da bai saba ba, sakaci da sallah ga yaron da da ba a tuna masa. Gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018 amma bai ɓace daga gari ba, ga tiramol, ga sholisho, kuma wasu yaran ba don shaƙiyanci suke farawa ba, ce musu ake yi yana hana barci a yi karatu. Ga cacar ƙwallo ta waya da ta shigo hostal a shekarun nan. Ga masu zuwa da maganar a tara kuɗi a sayo amsar jarabawa, in ya taɓa kawo miki wannan ki ƙi kai tsaye, hukumomin jarabawa suna riƙe sakamako suna sokewa, wahalar shekara shida ta tafi.

Amma ma'aunin da na fi yarda da shi ba a jikin yaron yake ba, a bakin ƙananan yaran gidansa yake, kuma da kuskurena na koyi wannan. Akwai shekarar da nake da wani firifet, shiru-shiru, sahun farko a masallaci, mahaifinsa ya tambaye ni na ce Alhaji ka kwanta ka yi barci yaronka ba shi da matsala. Ashe wata uku yana karɓar kuɗi da madara da suga a hannun 'yan JS1 yana biyan bashin caca da wayar da ya ɓoye a silin, duk wanda ya yi magana a sa shi tsallen kwaɗo har ya kasa tafiya. Wata uwa ce ta gano, da ta ga ɗanta ya rame alhali kowane bizitin tana cika masa akwati. Ranar da na kira mahaifin nan na faɗa masa ban manta da fuskarsa ba har yau, don ya yarda da ni kuma ni ban bincika ba, fuska na duba. Tun daga nan in ina son sanin halin siniya sai in kira yaro ƙarami in aike shi, a hanya in ce wa ke taimakonka a hostal, wa kake tsoro.

Mulkin SS3 shi ne karo na farko da ɗanki ya samu iko a kan wanda ba zai iya ramawa ba. An yi masa a JS1, an sa shi ɗebo ruwa da wanki, wataƙila an dake shi, yanzu sanda ta dawo hannunsa, kuma hostal yana da wata muguwar al'ada ta "an yi mana sai mun yi". Yaron da ya riƙe wannan ikon bai ci zalin na ƙasa ba, Hajiya wannan ya girma ko da kalma biyar yake miki a waya. In kina da ƙawa ko 'yar'uwa da ɗanta ke ƙaramin aji a makarantar, ta nan za ki ji gaskiyar da ni hausmasta ma wani lokaci ba na ji.

Bayan kandi

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma shi ke tafe. Ranar da ya rubuta takardar ƙarshe ya yi kandi ya ɗauko akwati, zai dawo gida inda ba ƙararrawa, ba yaran da ke jiran umarninsa, ba jarabawa, sakamakon WAEC sai wajen Agusta, na NECO ya biyo baya, gurbin karatu kuma yakan ɗauki watanni. Jiya shi ke riƙe da gida guda, yau ana aikensa sayen magi. Yara nagari da yawa a wannan zaman suka karkace, ba a makaranta ba. Ku shirya masa aiki na gaske tun yanzu, wanda in bai yi ba za a ga giɓi. Lokacin damina ne, in akwai gona a yanka masa fegin shinkafa ko gero a ce nasa ne daga shuka har girbi, in shago ne a ba shi littafin lissafi ba tsintsiya kaɗai ba, tunda injiniya yake so a kai shi wurin mai haɗa sola ko gyaran injin ban ruwa ya koyi da hannunsa, ya koma Islamiyya ya ƙarasa abin da bodin ya katse masa, a ɗora masa karatun ƙannensa da dare.

Ni ban ga ɗanki ba, da abin da kika rubuto nake magana, kuma aikina duk a hostal ɗin maza na yi shi, uwar da 'yarta ce ke SS3 gara ta nemi metiron, mai kula da hostal ɗin mata, don can akwai wasu maganganun daban. Ni kuma ba likita ba ne, in kin ga alamun da na lissafa na jiki, ko kika ga ya daina cin abinci, ya daina shiga mutane, yana maganar ya gaji da rayuwa, kada ki tsaya jiran hutu, ku je ku ɗauko shi ku kai shi asibiti.

Bizitin mai zuwa kuma ki je, kada ki fasa, amma ki aika masa tun da wuri ta hannun hausmasta cewa kina tafe, ku zauna nesa da hostal, ki bar duba kai da tambayar wanka. Ki kai abinci da ɗan yawa ki ce ya raba wa yaran gidansa waɗanda ba a zo musu ba, ki kalli wa zai kira da yadda za su matso kusa da shi, da sakin jiki ko a ɗarare. Sannan maimakon yaya karatu, ki ce masa yara nawa ne a hannunka, wanne ya fi ba ka wahala, yaya kake yi da mai fitsarin kwance, wa ke kuka da dare. Ki tanadi lokaci don amsar tana da tsawo, ki ce wa ɗan kabu-kabun ya dawo bayan la'asar.